Wanda Kika Mutu a Hannunsa

Hamburg

Nunziata matata,

Ina gaisuwa. Ya Mama da yara? Ni lafiya lau, sanyi da wanke-wanke ne suka farfasa mini hannu, amma ba komai.

Jiya na tara abokan aiki muka kalli fim ɗin da kika fito a ciki, na ranar da dutsen Vesuvio ya yi aman wuta ya binne garinmu. Ina ta taƙama ina cewa ga matata can, sai ga ki kin ƙanƙame Aniello mai kifi, kowa na gudun toka, har kuka mutu tare! Ɗaya daga cikin abokan aikin ya ce, "Saverio, kai dai ci gaba da wanke tukwane."

Na san wasa ne. Allah ya tsare ku. Amma in dutsen ya tashi da gaske, ki jira ni. Wurin nan da Aniello ya kama, ni ke da shi.

Mijinki,
Saverio