Kusurwar da Mode Ya Ƙi Haƙawa

Zuwa ga ƙanena Mainasara, a Zangon Kumasi.

Sallama da gaisuwa irin ta 'yan ɗaki ɗaya, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku daga ciwon kurmi, ya sa albarka a fataucin goro, ya kuma karkato da zuciyarka gida, don shekarun sun yi yawa. Mu nan Wurno sai godiya. Zafin bazara ya sauka sosai, hadari ya fara leƙowa, amma ko ɗigo ba a yi ba tukuna. An kwashe albasa a fadama, ta yi kyau bana. Inno tana nan da ƙarfinta in ban da gwiwa da ke damunta, bakinta kuwa ka san shi, bai tsufa ba. 'Yarka Safara'u, wadda ka bar mini tana tatata, ta dawo gida goyon ciki. Cikin ya tsufa, Habi ungozoma ta duba ta, ta ce mu zauna da shiri. Mun tara itace, mun sayi babbar tukunyar wanka, abu ɗaya ne ya rage, shi ne kuma dalilin takardar nan.

Makewayinmu na kusurwar yamma ya zube tun daminar bara. Ni da Inno mun kafa zana muna lallaɓawa, amma ka san mai jego ba za ta yi wanka safe da yamma har arba'in a bayan ruɓaɓɓiyar zana ba, ga damina tafe. Sannan duba-gari, ma'aikacin tsabtar nan na hukumar En'e mai gajeren wando da ke leƙa randunan mutane, ya shigo ya ce yanzu doka ta hana a saki ruwan wanka zuwa lungu. Wai sai a haƙa rami a cikin gida, a cika shi da duwatsu, ruwan ya riƙa nutsewa a ciki, kuma kada ramin ya kusanci rijiya. Na ce to, Nasara sun gama da hanya da kasuwa, yanzu sun iso makewayi. Na aika wa Sarkin Magina ya ba mu mutum, shi kuma ya turo mana wani Mode, mutumin Rabah.

Mainasara, tun ranar da na ɗora ido a kan mutumin nan hankalina bai kwanta da shi ba. Dogo ne siriri, ba ya kallon mutum ido cikin ido, kome ka ce masa sai ya ce an gama, alhali ba a fara ba. Tubalinsa ƙanana, kwaɓinsa ba ciyawar kirki. Ranar kasuwar Goronyo kuwa ko sama ko ƙasa, sai washegari ya ɓullo yana cewa jakinsa ne ya yi ɗingishi. Abu ɗaya da bai taɓa makara a kansa ba shi ne fura. Da ya ji ƙarar ludayi a ƙwarya zai sauko daga kan katanga ya wanke hannu. Duk da haka na daure, katanga ta tashi, aka yi daɓe, aka kawo faffaɗan dutsen da za a tsaya a kai. Saura rami kawai, kuma ko makaho ya san inda za a yi shi, wato can lungun da ƙasa ta gangara, gindin kututturen tsohuwar kurna.

Ran da ya fara haƙa, na bar shi ya kai gwiwa, na tafi gidan suna. Ina dawowa na tarar ya mayar da ƙasa, ya daddanne ta da ƙafa, har ya yayyafa ruwa ya share wurin. Na tambaye shi dalili, ya ce dutse ya tarar. Ni da aka haifa a gidan nan, na san babu dutse a ƙasarmu sai wanda aka ɗauko daga tudu. Washegari dutsen ya zama gidan gara. Bayan nan ya ce bayansa ne ya riƙe. Daga baya ya zo da wata sabuwa, wai mu huda katanga ta wajen Yari maƙwabcinmu, mu saki ruwan a ɓoye, duba-gari ba zai gani ba. Nan fa na ce na kama bakin zaren. Matar Yari 'yar Rabah ce, garinsu Mode, kuma ka san tun Baba na da rai Yari yake haɗiyar miyau a kan ɗan filin da ke tsakaninmu. Na ce wato so suke ruwa ya ci gindin katangarsa, ya kai mu gaban alƙali, a yanka masa filin. Wani lokacin kuma zuciyata ta ce a'a, wani abu ya gani a ramin, wata tukunya da kakanninmu suka binne, ya rufe don ya dawo ya tone in mun yi sake. Har tabarmata na mayar bakin ƙofa inda nake hango wurin.

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne Inno. Matar da ko ni sai na yi da gaske take ɓantaro mini goro, sai ga ta tana aika wa Mode guda sukutum, fari ƙal, cikin wanda ka aiko. In na fara yi masa faɗa sai ta ce in rage murya, akwai mai ciki a gida. Na ce shi ke nan, ya shanye tsohuwa, don magina ba a raba su da 'yan layu. Na sa mayafi na tafi wurin Sarkin Magina na zazzage masa komai, na ce ya ba ni wani. Ya ce ai na san al'adarsu, magini ba ya taɓa aikin da ɗan'uwansa ya fara sai shi ya ce ya saki. Aka kira Mode. Ya durƙusa ya sha faɗa, bai musa ba, bai kuma saki aikin ba. Iyakar abin da ya ce shi ne, wurin nan ba nasa ba ne da zai haƙa, kuma bakinsa ba zai faɗi dalili ba. Na dawo gida ina huci, ga Safara'u ƙafafu sun kumbura tana tambayata ko a tsakar gida za ta yi wankan.

Da safe na ɗaura ɗamara, na ɗauki fartanya, na ce tunda mazan sun gagara, ni zan haƙa. Sara na farko ke nan sai ga Inno ta fito tana jan ƙafa, da tabarmarta a hannu. Ta shimfiɗa a daidai wurin, ta zauna cikin rana, ta juya mini baya. Na yi magana, na yi lallashi, na yi fushi, ta ƙi tashi. Allah ya sa Habi ungozoma tana ɗakin Safara'u. Ta fito ta karɓe fartanyar daga hannuna, ta ja ni madafa, ta ce in zauna, ashe girman jiki kawai na yi. Ta tambaye ni ko na san Inno ta haifi wata 'ya kafin ni. Na ce na sani mana, kowa ya san ba ni ce ta fari ba, amma ban taɓa jin an yi zancenta ba. Habi ta ce to tana nan gindin kurna. Ita ta karɓi haihuwarta, Khadijatu aka sa mata, ba ta kai ga yin arba'in ba ta koma. A wancan zamani jariri irin wannan ba a kai shi maƙabarta, bayan ɗakin uwarsa ake sa shi, kuma ɗakin amarcin Inno a nan yake kafin a rushe shi. Mode ya kai ga itacen da aka jera a kanta, ya gane, ya tsaya. Inno ta gan shi ta ƙofa, ta yafito shi, ta roƙe shi ya rufe, ya kuma rufe bakinsa.

Ɗan'uwana, na yi kuka a madafa kamar yarinya. Ka san kunyar ɗan fari irin ta su Inno. Ba ta kama sunan yarinyar nan tana raye ba, ba ta yi kukanta a gaban mutane ba, to yaya za ta buɗe baki bayan shekaru masu yawa ta ce wa 'yarta ga inda take? Ta gwammace a ce an shanye ta da asiri. Ni kuwa saura kaɗan in sa ruwan wanka ya riƙa kwarara a kan yayarmu safe da yamma. Har yau ni da Inno ba mu yi zancen ba. Na dai kafa mata inuwa, na kai mata ruwa, ta karɓa, shi ke nan.

To amma gane dalili bai haƙa mana rami ba. Ciki ba ya jira, hadari ma haka. Na kira Mode muka zaga gidan kusurwa-kusurwa. Gabas rijiya, kudu rumbuna da turken awaki, lungu kuma doka ta hana. Ya yi ta sosa ƙeya, sannan ya ce wuri ɗaya ne ya rage da ruwa zai gangara daga sabon makewayin ba tare da ya bi ta gindin kurna ba, shi ne inda ɗakinka yake. Sai an rushe shi a yi ramin a nan. Kada ka ce na wanke mutumin nan tas. Na ga irin kallon da ya yi wa azarar ɗakinka, tsohuwar giginya ce da ba a samun irinta yanzu, kuma har gobe ban yarda ba shi da wata manufa a kanta ba. Riƙon amanar tsohuwa daban, tubalinsa kuma har yanzu ƙanana ne. Na gaya masa ko tsinke ba zai fita gidan nan ba, ni da kaina zan jera azarar a bayan rumbu.

Na ce masa ba zan iya yanke wannan ba, sai na rubuto maka. Ba don kai kaɗai ba, don Inno. Kai ba ka sani ba, tun ranar da ka bi ayari ba ta bari kowa ya kwana a ɗakin nan ba. Ita ke share shi, ita ke shanya buzunka, duk damina sai ta sa an toshe inda yake yoyo, ko baƙi sun cika gida sai dai su kwana a zaure. Na tabbata in ta ji za ta ce a kai Safara'u gidan wasu ta yi jegon, abin da zai zama abin faɗa a garin nan, mai cikin fari ta haihu ba a gidansu ba. Ashe tana jin mu daga inda take zaune. Ta kira ni, ta ce ba sai an jira takarda ta je kurmi ta dawo ba. Ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta ta miƙo mini, ba ta dube ni ba, ta ce, "Mi za a jira? A kashe ɗakin. Mainasara na da ƙahwa, in yana son ɗaki shi taho shi gina wani. Wagga ta gindin kurna ba ta da inda za ta."

Saboda haka ba izini nake nema ba, sanar da kai nake yi. An sauke rufin jiya, yau Mode yana haƙa, kuma ga mamakina bai tarar da dutse ko gara ba. Akwatinka da buzunka da allonka suna ɗakin Inno, ta sa su a gefen gadonta. Lokacin da ake fasa katangar ba ta fito ba, abincin rana ma ba ta taɓa ba. Ta kusa saba'in, Mainasara, kuma ka ji abin da ta ce. Ni ban ƙara komai a kai ba.

Ka gaishe mini da matarka Turai da kyau, ka ce na gode da turaren da ta aiko. Ka shafa mini kan Sale da Lauwali, ka gaya musu suna da kaka a Wurno da ba ta taɓa ganin fuskarsu ba. Safara'u tana gaishe ka, tana roƙon addu'arka, Allah ya raba su lafiya. Habi ma ta ce a gaishe ka, ta ce ita ta yanke maka cibiya, ko ka manta. Zayyanu mai kawo maka takardar nan zai juyo bayan salla, ayarinsu kuma ba ya rasa wurin mutum ɗaya. In ka zo, a zaure za ka sauka, sai ka gina.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce yayarka,
Kyauta.