Ku Sako Mini Turmina Kafin Bikin Ummi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Sabon Gidan Kayan Tarihi na garinmu Keffi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da 'yan kwamiti, da kuma kayan mutane da kuke tsare da su. Sunana Hajiya Maryam, daga unguwar Liman Abaji, tsohuwar malamar firamare da ta ajiye alli. Na rubuto a fili ne domin na gaji da sintiri zuwa ofishinka, kullum sai a ce ka tafi Abuja taro. To, tunda Abujar ta riƙe ka, wataƙila jarida ta same ka a can.

Maganar turmina ce, babban baƙin turmin nan da kuka ajiye a tsakiyar zaure kuka zagaye da jar igiya. Jikata Ummi za ta yi aure bayan Babbar Sallah, kuma ba za a yi bikin ba sai da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na fara tun yanzu.

Na farko, bari ka ji yadda ya zo hannunku. Na tafi Garaku zaman makoki, na bar gida a hannun ɗana Sani, uban amaryar, wanda ke aiki a Abuja. Sani mutum ne da ko ina ya ga fili sai ya ga ɗakin haya, tunda ma'aikatan da hayar Abuja ta kora sun cika gari. Ya rushe tsohuwar rumfar girkina, turmi ya tsaya masa a hanya, sai ga sanarwarku a rediyo kuna neman kayan gargajiya. Bai yi wata-wata ba ya ɗora shi a keke ya kawo muku. Ku kuma kuka ba shi takardar yabo da sunansa ɓaro-ɓaro, har ya sa mata gilashi ya rataye a falo. Ban taɓa ganin inda aka yaba wa mutum don ya yi kyauta da kayan uwarsa ba sai a wurinku.

Da na dawo na tayar da hankali, sai ya fito mini da wani injin daka sakwara a kwali, wai zamani ya wuce taɓarya. Injin ba ya motsi sai da wuta, wutar unguwarmu kuwa ka san halinta, sai ta ga dama. Ranar da wutar ta haɗu da shi, abin da ya fito ko kazata sai da ta yi tunani kafin ta sa baki. Yanzu haka yana kan kabad ina rufe kwano da murfinsa.

Na biyu, na je na gan shi. Na ɗauka zan ji haushi ne kawai, ashe kunya zan ji, irin ta wanda ya tarar da ɗan'uwansa a hannun hukuma. Na miƙa hannu in shafa bakinsa, mai gadi ya tare ni da ladabinsa ya ce, "Mama, ba a taɓawa, kayan mutanen da ne." Na ce masa to ga mutanen da ɗin sun zo da ƙafarsu. Ya yi dariya, amma igiyar ba ta matsa ba. Ban ga laifinsa ba, abin da aka rubuta a jikin kati ya karanta mini. Sai dai ka sani, doyar da na daka a ciki kafin in tafi Garaku ko bawonta bai gama bushewa a bola ba lokacin da kuka mayar da ni tarihi.

Wani abin takaicin, kun jingina masa wata siririyar taɓarya da ban san daga gidan wa ta fito ba. Tasa tana nan bayan ƙofata a tsaye, ita kaɗai. Kun raba aure, kun kuma ɗaura wani ba waliyyi.

Na uku, kuma nan ne nake so ka gyara zama. Turmin nan nawa ne a suna, amma na unguwa ne a aiki. Duk mai suna ko biki ko sadaka sai ya aiko a mirgina masa shi, kuma tun zamanin surukata dokarsa ɗaya ce: ba ya dawowa gida da yunwa. Duk abin da aka daka, sai an sako malmala a ciki an rufe da faifai. Da wannan malmalar muke sanin wa ya haihu, wa ya aurar, wa ya iya miya, wa kuma ya kamata a yi wa addu'a. Baƙin nan da suka cika ɗakunan haya, masu fita da asuba su dawo bayan isha, ba mu da wata hanyar sanin su. Amma duk ranar da matar ɗayansu ta haihu, sai ka ga ta aiko aron turmi, daga nan an zama 'yan'uwa.

Ƙawata Mama Rifkatu ta Gangaren Tudu, wadda muka koyar a makaranta ɗaya, kowace Kirsimeti da shi take daka wa baƙinta. Ta bana sai a ɗan ƙaramin turminta ta yi ta fama kashi-kashi har kafaɗa ta riƙe. Duk da haka ta aiko mini da malmalata a kwano, ta ce a gaya mini ladan turmin da ba ta ara ba ne. Na ci ina dariya, amma wallahi ranar na yi hawaye.

Na ji jawabinka na ranar buɗe gidan, inda ka yi ta nanata ci gaba mai ɗorewa har na daina ƙirgawa. Ranka ya daɗe, abin da ba ya cin fetur, ba ya jiran wuta, bai taɓa ganin bakanike ba, ya ci da surukata ya ci da ni yana shirin ci da jikata, idan wannan bai ɗore ba, me ya ɗore? Kun kama mai ɗorewar kun ɗaure da igiya, kuna neman sa a takarda.

Kada ka ɗauka ina ƙin aikinku. Ina ganin yadda ake rushe tsofaffin gidaje ana dasa shaguna, kayan kakanni suna ƙarewa a murhu. Na ga 'yan makaranta a zaurenku suna kallon masaƙa baki buɗe, na ji daɗi har zuciyata, don ni ma da ina koyarwa da na kawo nawa. Ku tara abin da aka yar, Allah ya ba ku lada. Amma abin da ke bakin aiki, tsare shi a ɗaki ba adana ba ne. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Na huɗu, maganar biki. A gidanmu, daren lalle ana kifa turmin nan a zaunar da amarya a kai a yi mata wanka, mata na guɗa. A kansa surukata ta yi wa 'ya'yanta, a kansa na yi wa nawa. Sani ya ce a ɗora Ummi a kujerar roba, ai wanka wanka ne. Ummi, wadda sunana ta ci, ta yi digiri tana latsa waya da hannu biyu, ita ce ta ce masa in ba turmin Hajiya ba to a bar wankan. Uban kuwa ya kasa zuwa ya ce muku ya fasa kyauta, saboda takardar yabon nan ta falo. Shi ya sa aikin ya dawo kaina.

Ga roƙona. Ku sako mini turmina kafin biki, zan turo keke da kaina. In kuna son sa bayan nan, ban hana ba, amma bisa sharaɗi: ya riƙa kwana a wurinku yana fita aiki, duk mai hidima a unguwa ya zo ya ara ya dawo da shi. Ina ba ku shawara ku yi wa sauran kayan haka, ku tambayi masu su na gaskiya, ba 'ya'yansu masu neman fili ba. Za ka ga matan da ba su taɓa taka zaurenku ba suna shiga suna fita kamar gidan biki.

Idan kuma dokarku ta hana turmi fita, to na bincika, ba ta hana amarya shiga ba. Za mu zo da ita a lulluɓe, da tukunyar ruwan zafi, da lalle da turare, da Mama Rifkatu da mai guɗa, mu ɗaga igiyar cikin mutunci mu yi abin da ya kawo mu. Ba wasa nake yi ba a nan. Shekaru sun ja, ban san ko zan ga auren ƙannenta ba, kuma ina so in zuba wa yarinyar nan ruwa da hannuna a inda aka zuba wa gwaggwanninta. Sai dai ku tanadi tsumma da yawa, don ruwan lalle ba ya barin farin tayil yadda ya same shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa ka aurar da naka cikin kwanciyar hankali, ya kuma dawo mana da kai daga Abuja kafin Sallah.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Hajiya Maryam, Liman Abaji, Keffi.