Baba Arzika Yana Jiran Amsar Dije

Zuwa ga Innata, a makwancinki na ƙasar Kurfai,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, har da durƙuson da gwiwoyina suka daina iyawa. Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa Baba Arzika ya kwanta ciwo, kuma ya aiko neman gafara wurin Dije.

Kin san yadda ake yi. Idan tsoho ya ji jikinsa ya yi nauyi, sai a bi gida-gida: wane ya ce a yafe masa duk abin da ya taɓa shiga tsakani. Kowa ya ce ya yafe duniya da lahira, a wuce gaba. Ban taɓa jin wanda ya tambayi mene ne abin ba. Da yake Dije tana wurina a Yamai tun rasuwar mijinta, ni aka ɗora wa saƙon, wai na yi karatun shari'a, na iya jera magana.

Kin tuna shekarar, wadda sojoji suka karɓi mulki. Ina lakwal, makarantar boko, a Filinge. Rumbuna sun zama gidan gizo-gizo, gari ya koma cin 'ya'yan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinsu ya fita, ga guga na fitowa da laka. Hajo, uwar Dije, baƙuwa ce daga arewa. Dabbobinsu sun ƙare, mijinta ya yi kudu bai dawo ba. Ta kafa bukka bayan gari tana dafa anza, yara na kewaye ta.

Sai yara uku suka mutu a jere, ɗaya ɗan farin Arzika ne. Dukansu sun ci a ƙwaryarta. Dukansu kuma sun sha rijiya guda, ga ƙyanda na yawo a gari. Amma rijiya da ƙyanda ba su da bukka bayan gari, ba su kuma magana da harshen baƙi.

Da gari ya ɗora wa Hajo laifin, liman ya ce a kai ta ga hukuma. Tsohuwa Gwamma, uwar 'yan bori, ta ce iskokinta ba su nuna kowa ba. Iyakar sanina, ranar ce kaɗai bakinsu ya zo ɗaya, ranar ce kuma ba wanda ya saurare su.

Ni ban ga jifan da aka yi wa Hajo ba. Na iso washegari a motar kasuwa, na tarar an binne Hajo, ke kuma da yarinya a bayanki, goye da zanen da kike zuwa suna da shi. Na tambaye ki ɗiyar wa ce. Kika ce, "Ƙanwakki ta, ɗebo mata ruwa." Bayanin da na samu ke nan har kika bar duniya.

Da jandarmomi suka zo, suka tara maza ƙarƙashin gawo, kowa ya ce yana gona. Ko ruwan shuka bai sauka ba, amma garinmu kaf ya fita noma da rana tsaka. Aka rubuta, aka hau mota.

Ke ba ki ce kina gona ba, don ba a tambayi mata ba. Sai dai kin zaga gidaje gaisuwar mutuwar yaran, kika dawo kina hura wuta, na ji kin ce murhu da yawa a garin nan sun koma dutse biyu. Ba ki ƙara ba. Kika ci gaba da gaida matan, kina ara musu turmi. Na yi shekaru ina jin haushinki a kan wannan. Har yau ban yanke ba ko haƙuri ne, ko tsoro, ko dabarar macen da ta san yarinyar nan a rijiyarsu za ta girma.

Shi kuwa Arzika, kowa ya san shi ne a gaba. Na kuma tuna yadda yake zama bakin danga da 'yar rigar ɗansa a cinya. Duka biyun na tuna, ɗaya bai taɓa goge mini ɗaya ba.

Na isar da saƙon, Inna. Dije na tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba. Ta ce in kai ta.

Ta zauna bakin ƙofar ɗakinsa, dangi sun cika tsakar gida suna jiran kalmar da aka saba. Ba ta tambaye shi dalili ba, ba ta tambayi su wa da wa ba. Abu ɗaya ta tambaya: ko uwarta ta yi magana.

Ya ce ta yi. Ba ta yi rantsuwa ba, ba ta tsine wa kowa ba, tana ta cewa a ɗauke yarinyar daga rana. Ya ce ke kika ratsa mutane kika ɗauke ta, kuma duwatsun sun tsaya har kika fita.

Sun tsaya, Inna. Duk rayuwata ana ce mini zafin rai ne ya rufe wa mutane ido, yunwa ta ɗauke musu hankali. Ni ma na faɗa wa ɗalibaina haka da Faransanci mai kyau. Ashe sun gan ki, sun san ɗiyar gidan wa ce ke, sun san matar wa ce. Suka riƙe hannu, suka jira, sannan suka ci gaba. Ke kuma kin ji ci gaban a bayanki, kika zauna da shi ke kaɗai, ba ki taɓa ɗora wa yarinyar ba. Yanzu na daina jin haushinki. Tausayinki nake ji, ga shi ya zo a makare.

Dije ta ce masa, "Na ji." Ta tashi ta sa takalmanta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Yana nan da rai, yana jira. Gari kuma ya fusata: wace irin mace ce mai taurin zuciya, tsoho na bakin kabari? Tun kafin mu kai tasha na ji an soma tuno ko ɗiyar wa ce. Na kama hannunta muka shiga mota. Sun sake aikowa, na ce ba na karɓar saƙo. Kalmar tata ce, in ta ga dama ta faɗa, in ta ga dama ta riƙe.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sanyaya na Hajo, ya ji ƙan yaran nan uku. Arzika kuma, Allah ya fi mu sanin yadda zai yi da shi.

Taki har abada,
yayar Dije.