Da Bakina Na Sa Aka Kori Yaran Tsallaken Iyaka

Assalamu alaikum. Gaisuwa ta girmamawa ga Edita da masu karatun wannan fili. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma a dakata da yanke mini hukunci sai an kai ƙarshen zancena.

Ni dattijo ne, tsohon malamin elementare, na daɗe da ajiye aiki. Ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Jibiya, dab da iyakarmu da Nijar. Da Gwamnati ta kawo ilimi kyauta ta gina mana firamare, babu wanda bai ce aikin banza aka yi ba. An ce ba za a taɓa cika aji ko ɗaya ba a garin da yaro zai ɗauki garwar fetur ya tsallaka da ita, ya dawo kafin azahar da aljihu cike. An ce babu malamin da zai zauna nan, alhali kamfanoni a Kano da Ikko suna neman duk mai iya riƙe alƙalami. Ni ma na faɗi haka a zaurena, ba sau ɗaya ba.

Sai aka turo mana hedimasta, wanda zan kira Malam Hamisu. Ɗalibina ne, ni na koya masa abacada. Gida-gida ya bi har ya gano inda matsalar take. Zuriyar garin nan rabi tana nan, rabi tana tsallake. Wa a wannan gefe, ƙane a wancan, gona ɗaya, maƙabarta ɗaya. Mamman mai jakai, wanda iyaye ke jin maganarsa, shi ya fito masa fili a ƙofar masallaci: "Malam, ɗiyana da ɗiyan ƙanena akushi guda suke ci. In ka ɗauki nawa ka bar nashi, mi zan ce mashi?" Hamisu ya ce, "Kawo su duka, Baba Mamman. Ni ban ga iyaka a goshin yaro ba." Ya ɗauki alkawari a gaban jama'a cewa muddin yana nan babu yaron da za a mayar gida. Kafin damina ta faɗi, azuzuwa sun cika har ana zama a ƙasa.

Iyaye suka naɗa ni shugaban ƙungiyarsu, daga nan kuma girman kai ya hau ni. Na shiga zagaya azuzuwa da sandata, ina gyara wa malamai ƙa'idar Turanci a gaban yara, har wata rana na zane wani yaro don bai miƙe mini ba. Da la'asar Hamisu ya zo zaurena, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, malamaina yara ne. In ka gyara su gaban ɗalibai sai su kasa buɗe baki. Ofishina naka ne, amma a bar musu aji." Ina rashin ladabi a wannan magana? Babu. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne, yaron da na riƙe wa hannu ya yi baƙi da wasali yau yana nuna mini ƙofa.

Ba a jima ba sufeton makarantu ya zo daga Katsina. Ɗan wani tsohon abokina ne, saboda haka ya biyo ya gaishe ni, aka dama masa fura. Yana sha yana yabon Hamisu, har ya yi mini ba'a ya ce, "Baba, ɗalibin nan naka zai sa a manta da zamaninku." Na yi dariya, na ce, "Cika aji ai ba wuya, in mutum zai kwaso yaran Faransa ya raba musu littattafan Gwamnatinmu." Haka mu tsofaffi muke kiran tsallake har yanzu. Na ga ya ajiye ludayi. Ina da damar in ce masa wasa nake yi, amma ban ce ba. Na san abin da na faɗa, na kuma san wanda na faɗa wa.

Umarni ya zo a sallami duk yaron da ubansa ke kwana a tsallake. Hamisu ya tafi Katsina ya yi roƙo, bai samu shiga ba. Da bakinsa ya sallame su, ina zaune ƙofar gidana na ga sun wuce sun nufi iyaka, ƙananan suna tambayar manyan laifin da suka yi. Washegari iyayen wannan gefe suka janye nasu. Mamman ya tsaya a filin makaranta ya ce wa Hamisu, "Kai ka tsaya bakin masallaci ka yi muna alkawari. Ashe sai da ka tara su ka kai ƙararsu don a ƙara maka girma." Aka daina amsa sallamar Hamisu. Matarsa ta je rijiya mata suka juya mata baya. A taron iyaye ni ne a kujerar shugaba, ana zaginsa ina jin komai, abin da kawai ya fita bakina shi ne, "A yi masa uzuri, yaro ne." Wane irin malami ne zai yi haka? Wane irin uba?

Makon jiya ya ajiye aiki. Ya zo yi mini sallama, ya rame, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Malam, ba aikin ne ya gagare ni ba. Ofis na ganina mai karya doka, iyaye na ganina maci amana, na rasa gefen da zan juya in yi magana. Kai kaɗai ne ba ka guje ni ba. Ka sa mini albarka." Na ɗora hannu a kansa na sa masa, da bakin nan da ya rushe shi.

Ya samu aikin akawu a wani kamfanin gine-gine, zai bi motar kasuwa ranar Lahadi. In ya tafi a haka, sunansa a garin nan maci amana ne har abada. In na miƙe na faɗi gaskiya, mutuncin da na tara tun ina saurayi ya ƙare, jikokina ma za su sha gori, kuma ban tabbata hakan zai dawo da yaro ko ɗaya cikin aji ba.

Edita, ina so ka rubuta ranar Juma'ar nan mai zuwa a ƙasan wasiƙata, ka buga ta kowa ya gani, domin ita ce rana ta ƙarshe da ni da shi da Mamman za mu tsaya sahu ɗaya a masallaci. Bayan an sallame, ko in miƙe ko in ɗauki takalmina in fita.

Jama'a, me zan yi?