Ku Dawo wa Mahaifina da Masaƙarsa

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ya shirya ƙauyen gargajiya a filin bayan garin Gaya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Sule, ɗan Malam Audu masaƙi na Kademi. Na zo ofishinku sau uku ana ce mini ka fita rangadi, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Bayan girbin bara, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, mutanenku sun zo gidanmu da mota suna neman aron masaƙa ta kwana bakwai, don baƙi su ga yadda ake saƙa. Mahaifina ba ya iya cewa a'a ga mai takarda a hannu. Ya bayar da ita har da farin saƙin da ke kanta, wanda bai gama ba. Bai gaya musu ko na mene ne ba, don kunya. To, likkafaninsa ne. Zaren kuwa Inna ce ta kaɗa shi da hannunta kafin ta rasu, shi ne na ƙarshe da ta bari.

Na biyu. Na je kallon ƙauyen naku ranar da aka buɗe. Gaskiya kun yi ƙoƙari, ga bukkoki, ga rumbu, ga mata ana ta daka babu ko ƙwayar gero a turmin. Na yi dariya tare da kowa, har na iso rumfar saƙa. Can na tarar da wani ƙato a zaune a mazaunin ubana, ya riƙe ƙoshiyar saƙa kamar zai sha kunu da ita, yana ta tsinka zare. An kafa allo a gabansa an rubuta cewa haka mutanen da can suke saƙa. Ranka ya daɗe, mutumin da can ɗin yana Kademi da ransa, ranar ma ya ci tuwonsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne almakashi. A idona wani ma'aikacinku ya riƙa yanko farin nan tsawon tafin hannu yana miƙa wa manyan baƙi tsaraba, suna ninkewa suna sawa a aljihu. Na yi magana, ɗan doka ya ce in matsa kada in tare wa mai hoto.

Na uku. Kwana bakwai sun zama wata biyar. Baba ya kwanta ciwo tun farkon bazara. Ban gaya masa zancen almakashi ba, kuma wannan ɓoyon yana damuna ƙwarai. In ya ji ƙarar mota a hanyar Gaya sai ya ce, "Sule, leƙa ka gani, ko kayana ne." Jiya ya ce saura kamu shida kawai ya gama, in ya samu sauƙi.

Roƙona biyu ne. Ku dawo da masaƙar da sauran zaren cikin makon nan, tun yana iya zama. Sannan ka aika wa baƙin nan naka, ka san su, su dawo da abin da ke aljihunsu. Ko guntu-guntu ne zan haɗa in ɗinke, don na yi masa alkawari ba zan sa shi a alawayyon kanti ba.

Allah ya ƙara maka girma, ya ba ka 'ya'yan da za su suturta ka da abin da ka zaɓa.

Wassalam.

Sule Audu, Kademi