Fayil ɗin da Ka Bar Mini a Kwamfutarka

Zuwa ga Yayana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Inna da Baba suna lafiya, an gama yankan gero a Utai.

Yaya, bayan sadakar arba'in ɗinka Baba ya miƙo mini kwamfutarka, tunda ni ma na samu gurbi a jami'ar nan ta Wudil. A ciki na tarar da wani fayil mai sunana. Na buɗe shi, sai alamomi birjik, ko layi ɗaya ban gane ba. Malamarmu ta ce sai da kompaila, manhajar da ke mayar da irin wannan rubutu ya zama abu mai aiki.

Na sauke ta, na girka. Na zaci zan ga hoto in danna. Ina! Baƙin allo ne kawai da wani ɗan layi yana ta ƙiftawa. Na rubuta umarnin da Malama ta ba ni, allon ya ce bai san wata kompaila ba. Abin da na saka da hannuna! Malama ta ce sai na nuna masa hanyar inda take, kamar baƙon da ya sauka a tasha. Na nuna, amma wallahi har yau ban san me na yi ba.

Daga nan ya ce akwai kuskure a layi na sha bakwai, wai ka manta waƙafi mai ruwa. Kai da kake mini dariya in na manta gishiri a miya! Na daɗe ina kallon layin. Wace ni da gyara maka rubutu? Na dai sa.

Na sake ba da umarni. Shiru. Sau biyar ina maimaitawa, bai ce uffan ba. Hawaye ya zo mini, na ɗauka na lalata abu ɗaya da ka bar mini. Can na tuna abin da kake faɗa in mun je neman izini wurin Baba: "In bai ce komai ba ya yarda, tashi ki tafi." Na leƙa folda, ma'ajiyar da fayil ɗinka yake, ga sabon fayil.

Na kunna shi. Ya gaishe ni da sunana, ya tambaye ni ko na ci abinci. Na rubuta eh. Ya tambayi Inna, ya tambayi karatu, sannan ya koma farko ya sake gaishe ni. Malama ta ce ba ka rubuta masa inda zai tsaya ba, ta nuna mini maɓallai biyu da zan danna in kashe shi.

Mantuwa ka yi ko da gangan ne, Yaya? Ban sani ba. Ban danna ba. Sau tara na ce maka na ci abinci kafin caji ya ƙare.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu a Aljanna.

Ƙanwarka,
Hauwa