Da gangan na miƙa mata makirfo

Sannunku jama'ar wannan shafi. Anti mai shafi, ki ɓoye sunana. Masu zagi ku bari in gama tukuna, na san abin da na yi.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu ta waƙa a Samaru, muna zuwa bukukuwa. Biyu maza ne masu kiɗa, sai ni da Rahila, ɗiyar yayar mamata. Gaskiya Rahila ce mai muryar, ni amshi nake mata. Amma tana da in'ina. In tana waƙa ba za ka taɓa sani ba, in ta tsaya magana kuwa sai kalma ta maƙale mata kamar ta haɗiyi ƙashi. Shi ya sa gaishe da manyan baƙi da kiran sunayen dangin ango da amarya aikina ne. Shekara uku muna haka, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ina yarinyar nan mai amshi ba. Kullum Rahila. To ni itace ce?

Sai wani mai situdiyo a Sabon Gari ya ce zai zo wani biki a Bomo ya gan mu. Mutum ɗaya yake so ya fitar, ba ƙungiya ba. Ranar bikin, Rahila ta yi waƙa har tsofaffi suka miƙe. Na ga mutumin yana gyaɗa kai, na san ita zai ɗauka. Da lokacin gaisuwa ya yi, na riƙe maƙoshina na yi tarin ƙarya, na cusa mata makirfo. Ta ce min a kunne, "Yaya, don Allah kar ki." Na ce, "Ke ba tauraruwa ba ce? Kira sunan uban ango." Sunansa Barnabas. Ta tsaya tana "Ba-ba-ba-ba", lasifika na kai shi har bakin titi. Wani ɗalibi ya ɗaga murya ya ce, "A ba ta ciyawa mana, tunkiya ce!" Wurin ya fashe da dariya. Na ƙirga har goma a zuciyata kafin na karɓe, na jero sunayen tas. Kuma na ji daɗi a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Ni aka ɗauka. Ƙungiya ta watse. Rahila ba ta sake riƙe makirfo ba, ko a coci bencin baya take zama. Yanzu tana aikin ɗaure kwali a Chikaji. Har yau ta yarda tarin gaske ne. Ranar ma ita ta sayo min zuma da citta.

Matsalar ita ce na yi waƙa huɗu, babu wadda ta tashi. Oga mai situdiyon ya ce min a fuska, "Muryarki ba jiki. Kawo min wannan mai in'inar ta yi miki amshi, ko mu haƙura da juna." Na faɗa wa Rahila, ina tunanin za ta ƙi. Sai ta kama kuka ta rungume ni, wai ni kaɗai ce ban taɓa yi mata dariya ba.

Asabar za mu shiga situdiyo. A can babu gaisuwa, babu sunan uban ango, waƙa ce kawai. In ta buɗe baki tawa ta ƙare. In ban kai ta ba ma ta ƙare. In na faɗa mata gaskiya ba za ta zo ba, kuma mamata za ta ji. Kunya na cina, amma ba zan koma amshi ba.

Jama'a, kafin Asabar, me zan yi?